Sai-Baɗi, Bijimin Bappa

Shagona na aski yana manne da injin niƙan Bappa a Jushi, katangar langa-langa ce kawai tsakaninmu. In ya tayar da injin, sai in bar hira da wanda nake yi wa aski, mu koma magana da hannu. Ba mu taɓa yin faɗa a kan ƙarar inji ba, ko a kan garin masarar da ke shigowa ya lulluɓe mini madubi. A kan ƙwallo dai muke yi, kullum, kamar wanda aka ɗora mana.

Ba zan faɗi sunan kulob ɗinsa ba, don na san mutanen Sabon Gari. Ina faɗa, rabin masu karatu za su ajiye labarin su kama gardama. Ku dai sani masu jar riga ne na can Turai, ni kuma ina bayan masu shuɗiya, kuma a shekarun da nake magana mu ne ke ɗaga kofi, su suna kallo.

Bappa ba ɗan gari ba ne. A ruga aka haife shi, can bayan Shika. Yana ɗan saurayi wata cuta ta faɗa wa garken mahaifinsa, ta share shi a damina ɗaya. Gida ya watse, shi kuma ya shigo Zariya da sanda a kafaɗa, ba abin korawa. Ya samu aikin dako a wata masana'anta a Chikaji, a can ne ya haɗu da ƙwallo, a rediyon wani abokin aikinsa mai suna Mordecai, mutumin kudancin Kaduna. Mordecai ya koya masa sunayen 'yan wasa tun bai taɓa ganin fuskar ko ɗaya ba. Da masana'antar ta rufe, Mordecai ya buɗe shagon walda, Bappa ya sayi tsohon inji mai surfe da niƙa, ya auri Safiyatu, ya zauna. Bai sake yin maganar shanu ba. In garke ya ratso ta layinmu, sai ya juya baya ya kama goge injin da ya riga ya goge.

To, sai wata shekara jajayen suka yi kamar da gaske. Tun farkon kaka suna saman teburi, har ya rage 'yan wasanni kaɗan a gama. Kan magoya bayansu ya kumbura. Ƙungiyarsu ta Sabon Gari, wadda Mordecai ke shugabanta, ta yi karo-karo ta sayo ɗan bijimi fari tas, wai ranar ɗaukar kofi za a yanka. Na ce musu su dakata tukuna, suka ce hassada ce ke damuna. Suka shafe shi da jan fenti tun daga ƙaho har wutsiya, suka zagaya da shi kasuwa ana busa ƙaho.

Abin da ya biyo baya kuwa, har yau in na tuna sai na yi dariya. Suka yi canjaras, suka sha kashi, suka sake yin canjaras. Kofin ya wuce ta gabansu suna kallo.

Sai aka zo kan bijimi. A sayar? Mu 'yan shuɗi muna jira mu yi musu waƙa. A yanka? Da sunan me? Suka yi ta ja-in-ja a gaban shagon Mordecai, har ya buga guduma a kan ƙarfe aka yi tsit.

"A ajiye shi," in ji shi. "Baɗi namu ne."

Ido duk ya koma kan Bappa. Shi ke da dusa, shi ke da ɗan fili a bayan inji, shi ne Bafulatani. Ya ce sam. Aka roƙe shi, ya sake cewa sam, har ya ɗauki hularsa zai tafi. A hanyar fita ne ya bi ta kusa da dabbar, ya ga yadda fentin ya bushe yana tsattsage mata fata, ƙudaje sun yi dafifi a wurin. Ya tsaya cak.

"Wane mara imani ne ya shafa wa dabba fentin ƙofa?"

Mordecai ya sosa ƙeya, don ragowar fentin get ɗin wani kwastomansa ne. Bappa ya kwance igiyar, ya ja bijimin har Jushi, ya yi kusan mako yana goge shi da man gyaɗa da sabulu, a hankali, har farin ya dawo.

Ni na raɗa masa suna. Kowace safiya in na buɗe shago sai in leƙa ta saman langa-langa in ce, "Bappa, ina kwanan Sai-Baɗi?" Ya zage ni, ya zagi golanmu, ya zagi kocinmu. Amma sunan ya bi bijimin, har shi kansa Bappa ya dawo yana kiransa da shi.

Ciyar da sa ba wasa ba ne, kuma ƙungiya ba ta daɗe ba ta manta da zancen abincinsa. Sai Bappa ya ɓullo da wata dabara. Matan unguwa in sun kawo surfe, kowace takan kwashe dusarta ta kai wa awakinta ko kajinta. Sai ya riƙa ce musu, "Bar wa Sai-Baɗi dusan nan, kina da kaso ranar kofi." Da farko dariya suke yi su bari. Daga baya abin ya zama al'ada, mace za ta juye dusarta a buhunsa ba tare da an tambaye ta ba, ta ce, "Ka dai gani ko?" Shi kuma ya ce ya gani. Wadda ta fi kowa zubawa ita ce Oluoma mai akamu, wata dattijuwar Ibo da aka haifa a Sabon Gari, Hausa a bakinta kamar ta Tudun Wada. Ba ta san ko mutum nawa ke buga ƙwallo a fili ba, amma kowace Litinin sai ta tambaya, "Yaranku sun ci? Ni fa cinya nake jira."

Baɗi ta zo, suka ƙare na biyu. Wata baɗin ta zo, ko na huɗu ba su samu ba. Aka kori koci, aka kawo wani, aka sayar da 'yan wasa, aka sayo wasu. Sai-Baɗi kuwa yana ta girma. Tozo ya tashi, ƙahonni suka buɗe, wuya ya sauko yana lilo. Ran Lahadi da safe Bappa yakan hau keke Napep zuwa Samaru ya sayo harawa da kanwa, kuma ta nan labarin bijimin ya shiga cikin ɗaliban jami'a. Suna zuwa ƙungiya-ƙungiya da jajayen jesi su ɗauki hoto da shi. Wasu sun zo suna aji ɗaya, sun gama karatu, sun yi bautar ƙasa, sun dawo da mata da goyo, suka tarar da shi yana nan yana tuƙa.

Ta cikin katangar nan nake jin abin da sauran mutane ba sa ji. In an kashe inji da azahar, sai in ji Bappa yana magana da Fulatanci, harshen da ban taɓa jin ya yi da kowa ba a garin nan. Yana yi ƙasa-ƙasa, yana ɗan fito, bijimin yana huci. Safiyatu ta taɓa tsayawa a ƙofar shagona da ƙullin cefane tana kai ƙara.

"Ni na kwana biyu da zazzaɓi, ya ce in sha magani zai wuce. Sai-Baɗi ya yi atishawa ɗaya, an ɗauko likita tun daga Samaru."

Tana faɗa tana dariya, don ita ma takan ajiye masa ɓawon rake da ƙaiƙayin wake.

Mai aski yana kallon fuskar mutane a madubi, yana ganin abin da suke ɓoyewa. Da can, in jajayen sun sha kashi, Bappa ba ya cin abinci, ba ya amsa gaisuwa, ko tsokanarsa ba na yi sai bayan kwana biyu. A 'yan shekarun baya sai na lura ya canja. Zai dawo daga gidan kallo yana tsaki yana zagin alƙalin wasa, amma da ya zagaya bayan inji sai in ji fito. Yana son kulob ɗinsa, wannan ba shakka. Sai dai kowace kaka da ta kuɓuce musu, shekara guda ce aka ƙara wa bijiminsa. Ban taɓa faɗa masa na gane ba.

Bana kuwa suka ƙi faɗuwa. Na yi ta jira su yi halinsu a watan ƙarshe, shiru. Wasan ƙarshe ya faɗo ran Lahadi bayan la'asar, kuma nasara kawai suke buƙata. Na rufe shago na bi Bappa gidan kallon da ke kusa da shagon Mordecai, da niyyar in sha dariya. Wurin ya cika maƙil, zafi kamar gidan burodi, janareto yana kuka a waje. Aka tafi hutu ba ci. Aka dawo, aka yi ta fama, sai can kusa da tashi wani ɗan baya da ba wanda ya sa wa rai ya sa kai, ƙwallo ta faɗa raga.

Ban taɓa ganin irin wannan hauka ba. Benci ya kife da mutane a kai. Mordecai, da furfurarsa da tumbinsa, ya tuɓe riga yana juya ta a sama. Wani liman na masallacin layinsu ya rungume wani mai sayar da taya suna tsalle, hular limamin ta faɗi aka tattake. Da aka busa tashi, matasa suka ɗaga Bappa sama, yana ihu da muryar da ban san yana da ita ba, hawaye sharkaf a gemunsa. Murna ce ta gaskiya. Ni kaina, da na zo dariya, sai na tsinci kaina ina tafi.

Sai wani daga baya ya ƙwala, "Sai-Baɗi! Nama!"

Ɗaki ya ɗauka. "Nama! Nama! Nama!" Ana buga benci ana buga langa-langa. Bappa yana can sama a kan kafaɗun mutane, bakinsa a buɗe, amma ihun ya tsaya. Ya ce su sauke shi, wai kansa na juyawa.

Aka sa biki ran Asabar. Duk makon nan gari ya rikice, ana ɗinka tutoci, ana neman makaɗa, 'yan Samaru sun aiko cewa dole a kawo musu bijimin su yi ban kwana. Bappa yana buɗe inji yana rufewa kamar kullum, amma tsokana ta ƙare. Na ce masa kofin nasu na roba ne, ya ce, "To." Abin ya dame ni ƙwarai.

Ran Laraba Mordecai ya zo aski. Na ɗaura masa ƙyalle, na fara, sai ya kama hannuna.

"Kai ma ka ga fuskan Bappa ran Lahadi?"

"Na gani."

"Kira mini shi."

Bappa ya shigo, gari fari fat a girarsa, ya zauna a bencin jira. Mordecai bai juyo ba, ta madubi yake kallonsa.

"Mun yi magana da dattawan ƙungiya. Za mu nemo wani sa a kara, kasuwar shanu, mu yanka. Wannan ka riƙe abinka. Kai ka wahala da shi, ba mu ba."

Na ji daɗi har raina, na ɗauka magana ta ƙare. Sai Bappa ya girgiza kai.

"Na gode, Modi. Allah ya bar zumunci. Amma ba zai yiwu ba."

"Don me? Nama ai nama ne."

"Matan nan ba wani sa suka ciyar ba. Wannan suka ciyar. Akwai wadda ta hana akuyanta ta ba shi. Akwai wadda ta rasu tana jira, 'ya'yanta suna nan. Kowace na kalle ta na ce mata na gani. Yanzu in ce musu me?"

"Za su gane, Bappa."

"Za su gane, na sani. Ni ne ba zan iya haɗa ido da su ba." Ya share fuska da tafin hannu. "Kuma ya tsufa. Haƙoransa sun fara zubewa, sai na jiƙa masa dusa yake iya ci. Na ga yadda shanun babana suka ƙare, a kwance, ungulu na jira, ba wanda ya amfana da ko tsoka ɗaya. Ba zan bar wannan ya tafi haka ba. Gara ya tafi da bismillah, unguwa ta ci."

Ya tashi ya fita. Mordecai ya ce in ci gaba da askin, na ci gaba.

Ran Asabar da hantsi aka kawo a-kori-kura. Wasu matasa suka zo da gwangwanin jan fenti, Bappa ya kalle su sau ɗaya, suka mayar da shi inda suka ɗauko. Safiyatu ta riga ta ɗinka jan ƙyalle mai faɗi, aka yafa wa Sai-Baɗi a gadon baya, aka ɗaure masa wani a ƙaho. Bappa ya hau bayan motar ya tsaya a gefensa, hannu ɗaya a kan tozo. Ni ma na hau, da farar riga, don kada a ce na sauya sheƙa.

Muka ratsa Sabon Gari, babura a gaba, kekuna a baya, kalangu da ganga da ƙahon roba duk a haɗe. A Kwangila sai da motoci suka tsaya, direbobi suna danna oda, wasu don murna wasu don haushi. Kafin mu kai Samaru ɗalibai sun tare hanya. Suna rawa suna waƙa, rabi Hausa rabi Turanci, kowa waya a sama. Wata yarinya mai tabarau ta kama ƙarfen motar tana kuka tana dariya, tana cewa tun tana firamare ba ta ga kofi ba. Masu shago a bakin kasuwa suna watso ruwan leda da alewa. Sai-Baɗi bai firgita ba ko kaɗan. Yana tsaye yana tuƙa yana kallon jama'a, kai ka ce shi ya ci ƙwallon. Bappa yana murmushi yana ɗaga wa mutane hannu ɗaya. Ɗaya hannun bai bar tozon ba har muka juyo.

Da muka dawo Jushi bayan azahar, matan unguwa sun riga sun cika filin bayan inji, kowace da kwanonta ko roba. Suna ganin motar suka rangaɗa guɗa. Mahauci yana zaune a inuwa da yaransa. Aka sauko da bijimin, matasa suka nufo shi da igiyoyi za su kayar da shi da ƙarfi, Bappa ya ce kowa ya ja baya. Ya cire masa jan ƙyallen ya miƙa wa Safiyatu. Ya ba shi ruwa. Sannan ya shafa wuyansa, ya yi masa magana a kunne, ya ɗan danna kafaɗarsa, sai ga ƙaton sa ya durƙusa ya kwanta da kansa. Har makaɗan sai da suka sauke sanda.

Bappa ya zauna a ƙasa, ya ɗora kan a cinyarsa, ya rufe masa ido da tafin hannu. Ya ɗaga kai ya yi wa mahauci alama. Ni dai na kau da kai, ba zan yi muku ƙarya ba.

Shi ya tsaya a kan rabo. Yana kiran mata ɗaya bayan ɗaya, har da 'ya'yan wadda ta rasu, kowa ya karɓi nasa. Oluoma ta samu cinyarta. Ragowar aka zuba a manyan tukwane, wani aka kai wa masu tsire, kiɗa ya dawo, rawa ta ɓarke. Musulmi da Kirista, jajaye da mu 'yan shuɗi da muka zo cin banza, kowa hannu dumu-dumu da mai.

Bappa ya wanke hannu ya zo ya zauna a bencin ƙofar shagona. Safiyatu ta kawo masa kwano, ya ce ta ajiye. Mordecai ya zo ya zauna a gefensa, shi ma bai ci ba. Muna nan zaune mu uku kamar masu zaman makoki, ga biki yana ci a gabanmu.

Sai ga Oluoma ta ratso taro, faranti a hannu, tana tauna tana yamutsa fuska. Ta tsaya a kan Bappa ta riƙe ƙugu.

"Bappa, wannan wane irin nama ne? Tun ɗazu nake tauna tsoka ɗaya, haƙorina zai fita. Duk dusan da na zuba, taya ka ba ni?"

Na yi mata ido ta yi shiru, ba ta ko kalle ni ba. Mordecai ya buɗe baki zai yi magana. Sai muka ji Bappa ya yi wata 'yar dariya, gajera, ta hanci. Ya jawo kwanon da Safiyatu ta ajiye, ya ɗauki tsoka, ya yi bismillah, ya sa a baki. Ya yi ta tauna, ya yi ta tauna, hawaye na gangarowa cikin gemunsa, bai share ba.

"Da gaskiyanki, akwai tauri," in ji shi. "Ki yi haƙuri, Mama. Da mun ci kofin da wuri, da kin samu mai laushi. Jiranmu ya yi."

Oluoma ta dube shi, ta dubi farantinta. Ta ce wa Mordecai ya matsa, ta zauna a ƙarshen bencin, ta ci gaba da taunawa a hankali.